Kafin Ka Saka Jirgi a Tafkin Volta: Shawara ga Sababbin Masunta

Kowace shekara, da zarar ruwan fari ya sauka a Tamale a watan Afrilu ko Mayu, za ka ji samarin zango suna zancen tafiya su. Wanda ya ga kuɗin da ake zubarwa kan bandar kifi a kasuwar Aboabo ba zai yi mamaki ba. To amma ganin kitse ake yi wa rogo. Farkon damina shi ne lokacin da tafki ya fi haɗari ga baƙo, kuma wanda ya shige shi da gaggawa yana iya rasa jarinsa, ko ma ransa.

Tafkin Volta bai tsufa ba. An kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya taru ya rufe fili kimanin murabba'in kilomita 8,500. Daga Tamale, mashigar da ta fi kusa ita ce Yapei a kan Farin Volta, sai Buipe a kan Baƙin Volta, dukansu a kan hanyar Kumasi. Wanda ya bi ta Salaga kuwa zai sauka Makango, wadda ke fuskantar Yeji, babbar kasuwar kifin tafkin.

Abin da ya kamata baƙo ya fara sani shi ne, ba a sare dajin ba kafin ruwa ya rufe shi. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa. A farkon damina tafkin yana can ƙasa, don ba ya soma cika sosai sai wajen Agusta, lokacin da ruwan arewa ya iso. Saboda haka kututturan suna dab da saman ruwa, suna yaga raga, suna fasa cikin jirgi. Ga kuma hadarin farkon damina, wanda kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi, ya mai da ruwan da ke kwance tamkar teku cikin ɗan lokaci. Mutanen yankin ba su manta da Afrilun 2006 ba, lokacin da wani jirgi da ya kwaso mutane daga gandun dajin Digya ya nutse, aka yi asarar rayuka da yawa.

Don haka matakin farko ba sayen jirgi ba ne, neman maigida ne. Yawancin masuntan tafkin Ewe ne na Tongu da suka hauro daga kudu bayan an gina madatsar, tare da wasu ƙabilu. Sun san inda kututture yake kamar yadda ka san lungunan unguwarku. Ka je ka gai da shugaban masuntan gaɓar, ka nemi wanda zai ɗauke ka aiki damina ɗaya cur. A ƙasar Hausa ma haka al'adar take: Sarkawan Kabi da Yawuri ba sa barin baƙo ya jefa raga sai Sarkin Ruwa ya san da shi.

Idan ka koyi hanya, sai ka fara da ƙarami. Kwale-kwalen katako da filafili, da kalli kaɗan, da birgi, da mamari, sun ishe ka. A wannan lokaci tarwaɗa kan matso bakin rafuka inda sabon ruwa ke shigowa, kurungu kuma yana kama ƙugiya, don haka ba sai ka kai tsakiyar tafki ba. Karfasa ta fi samuwa idan ruwa ya hau cikin ciyawa. Inji kuwa ka bari sai ka san ruwa, domin yana cin mai kullum, ko an kama ko ba a kama ba.

Kafin fita, a ja jirgi gaɓa a duba shi, a toshe duk wata kafa. A ajiye ƙwaryar kwalfe ruwa, da filafili na biyu, da rigar kariya ga kowane mutum. A fita da asuba, a dawo kafin la'asar. In gabas ta yi duhu, a bar ragar a nufi gaɓa. Raga tana da kasuwa, rai ba shi da ita.

Akwai abubuwan da doka da addini duka suka hana. Zuba guba ko jefa nakiya a ruwa laifi ne a Gana. Raga mai ƙananan idanu tana kwashe 'ya'yan kifi, wato tana cinye abincin baɗi. Mafi muni shi ne tura yaro ya nutsa ya kwance ragar da ta harɗe a kututture. Yara da dama sun tafi ta haka. Dokar Yara ta 1998 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari, Dokar Safarar Mutane ta 2005 kuma ta tanadi ɗauri ga mai karɓo 'ya'yan mutane don irin wannan bauta.

Daga ƙarshe, ka san inda kifinka zai je tun kafin ka kama shi. A zafin Afrilu ɗanyen kifi ba ya kwana. Ka shirya da mai banda, musamman wadda ke da murhu irin na Chorkor, mai faranti bisa faranti, wanda ke rage cin itace. In ka karɓi bashin raga daga hannun 'yar kasuwa, ku yanke farashi a gaban shaidu, kada ka wayi gari kana yi wa wani su.

Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ba tafki damina ɗaya yana koyo, shi ne zai daɗe yana ci daga cikinsa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.