Karatun yara ƙanana a gida: Kayan aikin suna nan a gona da kasuwa

Akwai tambayar da ke yawan fitowa daga bakin iyaye matasa a Gusau a ’yan shekarun nan: yaro ya kai shekara uku ko huɗu, kuɗin makarantar nazare ya fi ƙarfin aljihu, ko kuma hankali bai kwanta da fitarsa daga gida ba, to me za a riƙa yi masa kafin ya isa shiga firamare? A Tsafe da Bunguɗu tambayar ta fi nauyi, domin iyalai da dama sun baro ƙauyukansu sun raɓu da ’yan uwa a cikin gari, babu tabbacin inda za su kasance baɗi, balle a yi maganar rajistar yaro. Amsar da aka fi ji ita ce, “Ai ba mu da kayan aiki.” Abin da ake nufi da kayan aikin kuwa shi ne irin waɗanda ake gani a hotunan waya: tubalan roba masu launi, littattafan fenti da katunan haruffa da ake shigowa da su daga ƙasar Sin. Wannan amsa tana bukatar a sake duba ta, saboda mafi yawan abin da yaro ɗan shekara uku zuwa biyar ke bukata don ya koyi aiki da hannunsa da ƙwaƙwalwarsa yana nan zube a gonakinmu da kasuwanninmu.

Fargabar iyaye tana da tushe. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata daga makarantar sakandaren Jangebe a Ƙaramar Hukumar Talatar Mafara, aka sako 279 bayan ’yan kwanaki. A farkon Satumbar shekarar aka sake ɗaukar ɗalibai fiye da 70 a garin Kaya na Ƙaramar Hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, aka dakatar da kasuwannin mako-mako, sannan aka katse layukan waya na tsawon makonni. A Satumbar 2023 kuma aka shiga gidajen kwanan ɗaliban Jami’ar Tarayya ta Gusau da ke Sabon Gida, a ƙasar Bunguɗu. Waɗannan abubuwa sun faɗa wa manyan ɗalibai ne, amma tsoron ya shiga kowane gida. Darasin katse layukan waya ma shi kaɗai ya isa: duk tsarin koyar da yaro da ya dogara da data da intanet, rana ɗaya zai iya tsayawa cak. Kara da yumɓu kuwa ba sa jiran sabis.

Kafin a shiga neman kaya, ya kamata a san abin da ake so yaron ya koya. Iyaye da yawa sun ɗauka karatun ɗan shekara uku shi ne a zaunar da shi ya yi ta kwafar ABCD har ya gaji ya fashe da kuka. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda ita ce jagorar makarantun Nijeriya, ta ce wasa ne babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, kuma a da ta tanadi a yi koyarwar da harshen uwa ko harshen da ake magana da shi a yankin. Dalilin a fili yake. Yatsun da za su riƙe fensir sai sun ƙware a tsinta da murzawa da zira zare a rami. Yaron da zai gane lamba 5 a takarda sai ya fara riƙe abubuwa biyar a tafin hannunsa. Wanda zai karanta jimla kuma sai kunnensa ya cika da kalmomi da labarai.

Waɗanda suka kafa harsashin wannan fanni ma da abubuwa masu sauƙi suka fara. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar yara suna “kindagatin” a 1840, ƙwallayen zare da guntayen katako da sanduna ya bai wa yara. Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta na farko ne a 1907 a San Lorenzo, wata unguwar talakawa a birnin Rum, kuma cikin darussan akwai shara da wanke hannu da zuba ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan da sa maɓalli. Sunanta da ake liƙa wa makarantu masu tsada a yau daga ’ya’yan masu ƙaramin ƙarfi ya samo asali.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga Jamaika. A 1986 da 1987 masu bincike ƙarƙashin Sally Grantham-McGregor suka ɗauki yara 129 a unguwannin talakawa na birnin Kingston, waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Ma’aikatan lafiya suka riƙa ziyartar wasu daga cikin gidajen sa’a ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa da hannu. Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran, aka buga sakamakon a mujallar Science a 2014: waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin 100. Yaran ba su wuce shekara biyu ba lokacin da aka fara, amma saƙon ya shafi kowane gida: kayan wasan ba su ci kuɗi ba, abin da ya yi aiki shi ne babba ya zauna da yaro a kai a kai.

To ina za a samo kayan? A fara da gona. Da kaka karan dawa da na gero suna tare a ko’ina daga Tsafe zuwa Kwatarkwashi. Motar kara da yayyenmu suka ƙera ba ƙaramin darasi ba ce, domin akwai awo a cikinta, akwai daidaita tsawo, akwai haƙuri. Ɗan shekara huɗu ba zai ƙera mota shi kaɗai ba, amma idan babba ya fere masa karan ya yanka gunduwa-gunduwa, zai jera su daga gajere zuwa dogo, zai gina rumbu da shinge, zai haɗa siffa mai kusurwa uku da mai huɗu. Ɓawon gyaɗa, totuwar masara, ƙwallon dabino da na goriba da ’ya’yan tsamiya duk kayan ƙirga ne da rarrabewa: a zuba su a faifai ɗaya, a ce ya ware kowane iri a ƙoƙonsa, sannan a tambaye shi wanne ya fi yawa. Da damina a ba shi gwangwani da ƙasa da ƙwayar wake uku, ya shuka, ya riƙa ba su ruwa, kowace safiya ya auna tsiron da tsinke. Kimiyyar farko ke nan.

Daga gona sai masu sana’a. Kowane tela a Tudun Wada ko Sabon Garin Gusau yana share ƙyallaye kullum, kuma da su ake koyon launi da taushi da kaushi, ake ɗinka ’yar tsana da ƙwallon tsumma. Kafinta yana da guntayen katako da zai zubar. A goge su da sanfefa, sun zama tubalan gini irin na Froebel. Mai shago yana da kwalaye da marafan robar lemo. Idan aka zana saniya a jikin kwali aka yanka gida huɗu, yaro zai ɗauki lokaci yana mayar da ita yadda take. Masu ginin tukwane suna da yumɓu, kuma garuruwan da ke bakin Gulbin Sakkwato irin Gusau da Bunguɗu ba su rasa laka. Babu abin da ke ƙarfafa yatsun yaro kamar murza yumɓu ya gina ’yar tukunya ko raƙumi. Masu saƙar tabarma da faifai suna da ragowar kaba, wadda yaro ɗan shekara biyar zai fara sarƙa ta, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Madafa ma makaranta ce. Ruwan zoɓo yana ba da ja, gangamau yana ba da rawaya, gawayi da ƙaro suna ba da baƙar tawada irin wadda almajirai suka daɗe suna haɗawa, sitacin rogo da aka dama kuma yana liƙa takarda. Tsinken da aka tauna bakinsa ya isa buroshi. A zuba rairayi a tire, yaro ya zana harafi da yatsa, a girgiza ya goge, ya sake. Ƙasar da ke da ’Yandoto, garin da ya shahara da malamai tun kafin jihadi, ba baƙuwar allo da alƙalamin kara ba ce, kuma allon nan da ake wankewa a sake rubutu ya fi littafin da yaro zai yage cikin kwana biyu. Ludayi da ƙoƙo da mudu kuwa su ne kayan lissafi: ludayi nawa ne zai cika ƙoƙon nan? A kafa ’yar kasuwa a tsakar gida, marafan lemo su zama kuɗi, a yi ciniki da canji. Tuwon ƙasa da carabke da gaɗa da kacici-kacici da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bayan sallar isha’i, duk suna cikin manhajar, kuma kakanni sun fi kowa iya koyar da su.

Sai dai akwai gargaɗin da bai kamata ɗan Zamfara ya yi wasa da shi ba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar ta gauraya da ƙasar da yara ke wasa a kai. Yara fiye da 400 suka rasu. Don haka kada a ɗebo ƙasa ko yumɓu daga inda ake haƙa ko wanke ma’adinai, kada kuma a shigo da buhu ko turmin da ya taɓa wannan aiki. A nisanta yaro daga tsohon batir da robar maganin feshi da irin shuka da aka yi wa magani. Idon zakara, duk da kyan jansa da baƙinsa, guba ne mai kisa. Haka ’ya’yan zurma da na bini-da-zugu da zaƙami, sannan ruwan tumfafiya yana cutar da ido. Yaron da bai kai shekara uku ba kuwa, kada a bar shi da abin da zai iya haɗiyewa ko tura wa hanci. Reza da wuƙa aikin babba ne, kuma a wanke hannu da sabulu bayan kowane wasa.

Game da waya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara biyu zuwa huɗu kada ya wuce sa’a ɗaya a rana a gaban allon waya ko talabijin, ƙasa da haka ma ya fi, kuma ya samu aƙalla sa’a uku yana motsa jiki. Wayar ta fi amfani a hannun uwa, ta ga yadda ake wani aikin hannu ta kwaikwaya da abin da take da shi, a kan a miƙa wa yaro don ya yi shiru.

Ba a bukatar jadawali mai tsauri. Zama biyu ko uku a yini, kowanne kamar minti 15 zuwa 20, ya wadatar, kuma a tashi tun kafin yaro ya gundura. A tanadi kwando ɗaya na kayan, a riƙa canza abin da ke ciki duk mako, a bar yaron ya mayar da komai da kansa. Babba ya riƙa magana yayin aikin: wannan dogo ne, wancan gajere, me zai faru idan muka ƙara ɗaya? Idan raƙumin yumɓu ya fito da ƙafa uku, a tambaye shi ina ta huɗun ta tafi, kada a karɓe a gyara masa.

Gaskiya ne cewa uwar da ke daka da girki da sana’ar hannu, ko wadda ta yi gudun hijira da ’ya’ya biyar, ba lallai ta samu ko minti 15 ɗin ba. A nan ne maƙwabtaka ke da amfani. Gidaje huɗu ko biyar za su iya yin karo-karo irin na adashe: yau yaran suna gidan wannan ana ginin yumɓu, gobe suna gidan waccan ana tatsuniya, kwandon kaya yana zagayawa. Wannan ba baƙon tsari ba ne a ƙasar nan. Nana Asma’u, wadda ta rasu a 1864, ta hanyar jajis da ’Yan Taru ta kai ilimi har cikin gidajen mata a karkara. Islamiyyun matan aure na yau za su iya ware rabin sa’a a mako don nuna irin waɗannan dabaru. Uba kuma ba a ɗauke masa ba: shi ne mai zuwa kasuwa da gona, shi zai roƙi kafinta da tela, kuma motar kara ta fi daɗi idan da baba aka ƙera ta.

Wannan duk ba ya wanke gwamnati. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, kuma manufar ilimi ta 2013 ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin firamare a makarantun gwamnati. Tun da Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Nuwambar 2023, ya dace ’yan ƙasa da shekara shida su samu rabonsu. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha za ta iya buga ɗan littafi da Hausa, na boko da na ajami, mai hotunan waɗannan ayyuka, a raba a asibitocin awon ciki da wuraren rigakafi. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke Gusau da Kwalejin Ilimi ta Maru suna da ɗaliban da za a iya turawa unguwanni su nuna wa iyaye. Gidajen rediyo kuma su ware shiri na mako-mako, tun da rediyo na kaiwa inda waya ba ta kaiwa.

Kafin hakan ta samu, shekarun yaro ba sa jira. Wanda yake da shekara uku yau, kafin a gama taro da kafa kwamiti ya kai shida. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A ajiye damin kara guda a bana, a karɓo ƙyallaye wurin tela, a nemo yumɓu mai tsabta, a zauna da yaro. Allah Ya shirya mana zuri’a, Ya kuma dawo wa Zamfara da zaman lafiya.