Ɗalibin Jinya da Mai Ciwo Biyu: Tarin Fuka da HIV

Mai karatu, idan tari ya kai ka asibitin New Bell ko na Laquintinie a Duwala, mai yiwuwa wanda zai fara karɓar ka ɗalibin jinya ne da aka turo koyon aiki. Kada ka raina shi. Amma ya kamata ka san abin da ake bukata ya iya, musamman ga wanda tarin fuka da ƙwayar HIV suka haɗu a jikinsa.

Na farko, ya san cututtukan nan biyu tare suke tafiya. HIV tana karya garkuwar jiki, tarin fuka ya samu ƙofa. A duniya, tarin fuka ne ya fi kashe masu ɗauke da HIV. Saboda haka duk mai tarin fuka ana ba shi shawara ya yi gwajin HIV. Ba zargi ba ne, ƙa'ida ce ga kowa. Mai HIV kuma, ko da tarinsa na kwana biyu ne, ko zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, sai a gwada kakinsa.

Na biyu, ya san magani. Na tarin fuka wata 6 ne: wata 2 na farko da magani iri 4, sauran wata 4 da iri 2. Ana fara shi tukuna, sannan a soma na HIV, galibi cikin mako 2. Ɗaya daga cikinsu, rifamfisin, yana mai da fitsari ja, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma yana rage ƙarfin wasu magungunan HIV da ƙwayoyin tazarar haihuwa, don haka ka faɗi duk abin da kake sha. Idan idonka ya zama rawaya, koma asibiti ranar. A Kamaru maganin HIV kyauta ne tun 2007, na tarin fuka ma kyauta ne.

Na uku, kada tsoro ya hana shi aiki. Tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, shi ya sa ake buɗe taga, ake sa takunkumi. HIV kuwa ba ta kama mutum ta gaisuwa ko cin tuwo a kwano ɗaya. Ɗalibin da ya tsaya daga bakin ƙofa yana miƙo magani bai gama shiri ba.

Na huɗu, ya riƙe sirri. A unguwar Hausawa ta New Bell kowa ya san kowa, kuma da yawa sun bar magani saboda gudun bakin mutane. Wanda ya yanke magani, ciwon kan dawo da taurin kai.

Idan ɗalibi ya ce, “Baba, bari in tambayi babbar nas,” ka gode masa. Wanda ya san iyakar saninsa shi ne abin amincewa.

Allah ya ba mu lafiya.