Tahiyar kallon manyan abubuwa na bakin hanya

Ɗan'uwa mai karatu, ƴar'uwa mai karatu, kun san abin da ke sa mutumen Adar shi shiga mota. Wani ya tahi cin rani Abijan ko Legas. Wani ya tahi kasuwar Badagishiri sayen bisashe. Wani gaisuwar rasuwa ce ko bikin suna. Amma akwai wata irin tahiya wadda ba mu saba da ita ba. Mutum shi zuba mai ga mota, shi ɗauki guzuri da iyalinai, shi kwana biyu bisa hanya, don kawai shi ga wani ƙaton abu da ke bakin hanya. In ya gani, ya ɗauki hoto, sai shi koma gida.

Sa'ad da nike yaro nan Tawa, motocin annasara na tsayawa su sha mai, su wuce arewa. Mu kuwa yara muna biye muna kallo. Wata rana na tambayi wani direba: "Baba, mi suke nema can cikin daji?" Ya ce: "Duwatsu da ƙasusuwa." Munka yi ta dariya. Sai da na girma na gane mu ne abin dariya, don abin da suke zuwa kallo namu ne, mu kuwa ba mu san shi ba.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A ƙasar Ostiraliya, shekarar 1964, wani mai saida ayaba bakin hanya ya ga motoci na wuce shi ba su tsayawa. Sai ya sa anka gina mashi ƙatuwar ayaba gaban rumfarshi, tsawonta metir 13. Garin sunanshi Kofs Haba. Tun daga ran nan masu mota sunka dinga tsayawa su kalla, kuma wanda ya tsaya kallo ba ya rasa sayen wani abu. Da wasu garuruwa sunka ga haka, sai kowa ya gina nashi. A garin Gulban, 1985, an gina ƙaton rago na siminti, tsawonshi metir 15, don garin na masu kiwon tumaki ne. Ka ƙiyasta raƙuma bakwai, wanga bisa wanga: tsawon ragon ke nan. Yau irin waɗanga abubuwa sun hi 150 cikin ƙasar, kuma akwai masu bin su ɗaya bayan ɗaya.

A Amurka kuma, cikin jahar Kansas, wani manomi mai suna Frank Stoeber ya fara dunƙula ragowar igiyar ɗaurin ciyawa a 1953. Kullum yana ƙarawa, har dunƙulen ya hi mutum tsawo. Ya ba garinsu, Koka Siti. Kowace shekara cikin watan Agusta mutanen garin na taruwa su ƙara mashi igiya. Igiya ce kawai, amma ita ta sa anka san sunan ƙaramin garin.

To, kun ga dabarar. Abu in ya yi girma, ido na tsayawa kanshi. In ido ya tsaya, mota ta tsaya. In mota ta tsaya, mai tuwo da mai nama da mai gyaran taya sun samu.

Mu fa, mi muke da shi?

Su sun gina nasu da siminti don jawo mutane. Mu namu, wasu Allah ya aje muna, wasu kakanni sunka bar muna. Bari mu bi hanya tare mu gani.

Mu fara da gida. Kudu da Tawa, wajen Badagishiri, akwai ƙauyen Yama. Can akwai masallacin Juma'a na ƙasa wanda wani magini ɗan garin, Falke Barmu, ya fara ginawa a 1962. Shi manomi ne kamar kowa, gini kuwa sana'arshi ce. Mutanen gari sunka taimaka: mai kawo ruwa na kawowa, mai buga tubali na bugawa, mai icce na kawo icce. Daga 1975 zuwa 1982 ya sake rufin, ya tada hasumiya huɗu, ko wane kusurwa da tata, kuma babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine mahi kyau cikin ƙasashen Musulmi. Hotonshi na cikin littattahan duniya. Amma tambayi kanka: kai da kake Tawa, ka taɓa zuwa?

Yanzu mu juya arewa, mu hau hanyar Agadas, wadda ake ce ma hanyar uraniyom. Wajen kilometir 50 daga Tawa za ka iske tabkin Tabalak. Ruwa ne mai faɗi tsakiyar ƙasar da ba ta da ruwa, ga masunta, ga masu lambu, ga tsuntsaye masu zuwa daga nesa lokacin ɗari. Tun 2005 yana cikin jerin tabkunan da duniya ta yarda a kiyaye.

Ƙasusuwan da ke ƙarƙashin ƙafarmu

Ka taɓa tsintar dutsi mai kama da katantanwa bisa tudun Adar? Da yawanmu mun tsinta muna kiwo, munka yi wasa da shi, munka yar. Wannan shaida ce. Masana sun ce shekaru miliyoyi da sunka wuce, teku ne ya ruhe ƙasarmu. Farin dutsin da ake yin siminti da shi a Malbaza, cikin tekun nan ya taru. Wajen Kawo, cikin ƙasar Cintabaraden, akwai dutsin Igdaman. Can anka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa, dangin guza da damo. A 1991 anka raɗa mata suna da sunan wurin: Igdamanosaurus. Ka ga sunan wani lungu na jaharmu ya shiga bakin masana na duniya duka.

In ka wuce Abalak ka doshi ƙasar Ingal, nan ne abin ya hi girma. Buzaye makiyaya sun daɗe suna ganin manyan ƙasusuwa cikin ƙasa, suna ce ma ɗiyansu na wani dodo ne mai suna Jobar. A 1997 wani masani daga jami'ar Shikago ta Amurka, Paul Sereno, ya zo da mutanenshi sunka tona. Sunka iske dabba ce irin waɗanda ake kira dinozor. Tsawonta tsakanin metir 18 da 21, nauyinta wajen tan 20, ga dogon wuya, ganye take ci. A 1999 sunka sa mata suna Jobariya, don girmama sunan da makiyaya sunka riga sunka ba ta. Lura da kyau: makiyayan ne sunka nuna wurin. Sanin na wajensu, rubutun ne ba su da shi.

Agadas da abin da ke bayanta

Daga Tawa zuwa Agadas wajen kilometir 400 ne. Tun kana nesa za ka hangi hasumiyar babban masallaci. Ta ƙasa ce, tsawonta metir 27, ga itatuwa sun hito jikinta, waɗanda magina ke takawa in za su yi yaɓe. An gina ta wajen 1515, an sake ta a 1844. Da can ita ce ke nuna ma ayari cewa sun iso gari. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihi na duniya.

In ka ci gaba bisa hanyar Arlit, wajen kilometir 110, ka ratse kaɗan, za ka iske wuri mai suna Dabus. Can bisa wani falalen dutsi, mutanen da sunka sassaƙa raƙuman dawa guda biyu. Babban tsawonshi metir 5 da ɗoriya, wato daidai girman mai rai. Sun yi mashi zanen jiki ɗaya bayan ɗaya, har da wata igiya da ta sauko daga bakinshi zuwa wani ɗan mutum. Masana na ƙiyasta aikin ya kai shekara 6000 zuwa 8000. Kewaye da shi akwai wasu zane sun hi 800. Wani Bafaranshe, Christian Dupuy, shi ne ya fara rubuta labarinsu a 1987. A 1999 an ɗauki siffarsu, anka zuba irinsu da sanholo, anka aje guda a hilin jirgin Agadas.

Mi zanen ga ke gaya muna? Wanda ya sassaƙa raƙumin dawa haka, ya gan shi da idonshi. Ke nan inda yau babu komi sai rairai da dutsi, da can akwai ciyawa da itatuwa da ruwa. Ƙasa na canzawa. Yau raƙuman dawan da sunka rage muna suna wajen Kure, kusa da Yamai. A 1996 guda 49 kaɗai sunka rage. Da anka kiyaye su, sunka hayayyafa har sunka wuce 600. A 2018 an kai guda 8 dajin Gadabeji, cikin ƙasar Dakwaro, inda da can akwai su.

Labarin iccen Tenere

Ga wani labari wanda ya kamata kowa shi riƙe. Gabas da Agadas, cikin Tenere, bisa hanyar ayarin gishiri mai zuwa Bilma, akwai wani iccen kandili guda ɗaya tak. Ana cewa sai ka yi kilometir 400 ba ka ga wani ba. Da anka gina rijiya kusa da shi, anka iske saiwarshi ta sauka hiye da metir 30, wajen gaba 18, tana neman ruwa. Ayari bayan ayari sunka wuce, babu wanda ya karya reshe don dafa shayi, babu wanda ya bar raƙuminshi ya ci ganyen. Sun san alama ce ta hanya, kuma alama rai ce cikin Tenere.

A 1973 wata babbar mota ta banke shi. Duk faɗin Tenere, sai iccen nan guda direba ya samu. Ran 8 ga watan Nuwamba 1973 anka kai gawar iccen gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda yau ake kira da sunan Bubu Hama. A wurinshi kuma anka kafa icce na ƙarhe. Iccen ƙarhe na nuna hanya, amma ba shi da inuwa. Abin da ya yi shekaru ɗaruruwa yana tsaye, rana guda ta ishe shi.

Abin da ya rage gare mu

Tun tashin hankalin 2007 baƙi masu zuwa kallo sunka ragu ƙwarai. Masu nuna hanya da maƙera da masu dafa abinci da yawa sun rasa abin yi. In baƙo bai zo ba, wa za shi kula da kayan ga in ba mu ba? Na taɓa ganin wani yaro a tasha da ƴan duwatsun kibiya na mutanen da cikin gwangwani, yana neman mai saye da dala ashirin. Ba laihinai ba ne, ba a gaya mashi ba. Amma abin da ya bar wurinshi ya zama dutsi kawai, don masana na karanta wurin da abu yake kwance kamar yadda kake karanta layi cikin littahi. In ka cire baƙi guda, kalma ta ɓaci.

Don haka ga shawara. In ka ga ƙashi mai girma ko zane bisa dutsi, bar shi inda yake, ka shaida ma mai gari ko magajin gari. Kada ka rubuta sunanka bisa zanen kakanni. Yanzu ka iya rubutu, alhamdu lillahi, amma wurin rubutu takarda ce. In ana yaɓen masallacin ƙasa a garinku, kai hannunka, don ginin ƙasa in ya rasa yaɓe damina biyu sai shi fara zuba.

In kuma kana son ka tahi kallo, fara da na kusa. Yama da Tabalak ba su bukatar kwana. Ku haɗa kuɗi ku ƴan aji, ku ɗauki mota guda. Hanyar arewa kuwa, kada ka kama ta sai ka tambayi hukuma da direbobin tasha halin da take ciki, don lahiya ta hi kallo. Riƙe takardarka ta ɗan ƙasa, ka ɗauki ruwa isasshe, kada ka yi tahiyar dare. Matambayi ba ya ɓata.

Kuma ga aikin da karatunka za shi yi maka. Bakin hanya akwai ƴan duwatsu masu farin fenti, an rubuta sunan gari da lamba. Da can kana wuce su kamar makaho, sai ka tambayi karen mota: "Mun kusa?" Yanzu kai za ka karanta da kanka, ka ce ma na kusa da kai: saura kilometir kaza. Ɗauki alƙalami da takarda. Rubuta ranar da ka tahi, da abin da ka gani, da abin da tsohon garin ya gaya maka. In ka komo, ka karanta muna cikin aji. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mu kuma mu ƙara da rubutawa, don ɗiyanmu su iske.

Tambayoyi

1. Mi ya sa mai saida ayaba ya gina ƙatuwar ayaba bakin hanya?
2. Wa ya gina masallacin Yama, kuma a wace shekara ya fara?
3. Mi zanen raƙuman dawa na Dabus ke nuna muna game da ƙasarmu ta da?
4. Iccen Tenere ya faɗi a 1973. Shekara nawa ke nan zuwa bana?
5. Wane babban abu ke akwai kusa da garinku wanda baƙo za shi so gani? Rubuta layi biyar a kanshi.