Ana Shela A Wuse, Kwalba Tana Idumota

A unguwar Wuse ta Abuja, shiyya ta 7, nan ne babban ofishin Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa da dokar soja ta 15 a 1993. Daga nan umurni yake fitowa duk sa'ad da aka gano wani magani ya zama guba, cewa a janye shi daga kasuwa. Ba da umurnin abu ne mai sauƙi. Wahalar ita ce sanin inda kwalaben suka shiga.

Jama'a ba su manta da maganin haƙorin yara mai suna My Pikin ba, wanda kamfanin Barewa na Ikko ya yi. A cikin Nuwamba 2008 aka ga ana ta kawo yara asibitocin koyarwa na Zariya da Ikko da Badun, fitsari ya ɗauke musu, ƙoda ta daina aiki. Da aka bincika sai aka sami sinadarin dayetilin gilaikol a cikin maganin, watau irin wanda ake sawa a man birki. Hukuma ta rufe kamfanin, ta kuma yi shela. Amma lissafin yara 25 da aka fara da shi ya kai 84 a Fabrairu 2009. Maganin ya riga ya bazu cikin kemis-kemis da tiren 'yan talla da ɗakunan iyaye mata, ba kuwa wani littafi da zai nuna wa ya sayi kwali nawa. A 2013 kotun tarayya ta Ikko ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai.

Irin wannan matsala ce ta sa manyan kantuna da asibitocin Turai da Amurka suka koma ga wata dabara da ake kira RFID. Wani ɗan tambari ne da ake mannawa a jikin kwali, da ƙwayar lantarki a ciki wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, da siririyar waya mai kama saƙo. Ba ya bukatar batir. Idan na'ura ta aiko masa da igiyar rediyo sai ya amsa da lambarsa. Mazauna Ikko masu shiga motar BRT da katin Cowry sun san ɗan'uwansa. Fifikonsa a kan lambar zane-zane da ake haskawa a kanti shi ne ba sai an juya kowace kwalba ba. Ma'aikaci ya ratsa sito da na'ura a hannu, ta ƙirga kwalaye ɗaruruwa ba a buɗe ko ɗaya ba. Tun 2003 kamfanin Walmart na Amurka ya umurci manyan masu kawo masa kaya guda 100 su fara manna shi kafin Janairu 2005. Ranar da aka ce rukuni kaza ya lalace, kwamfuta ta nuna sito da reshen da yake, a kwashe shi kaɗai, a bar mai kyau.

A nan gida, a zamanin Dokta Paul Orhii hukumar ta kawo tsarin kankare kwali a aika da lamba ta wayar hannu a 2010, daga baya kuma ta ɗauki tsarin lambobi na duniya mai suna GS1 don bin sawun magani daga masana'anta. To, amma tambari ba ya magana sai an tambaye shi. Idan kwali ya bar kamfani ya faɗa Idumota, ko Gadar Anacha, ko Ariyariya ta Aba, aka farke shi aka sayar da dozin-dozin ba rasit, sawu ya ɓace ke nan. Wannan yana cikin dalilan da suka sa a Fabrairu 2024 aka rufe shagunan magani na Sabon Garin Kano don su koma cibiyar sari ta Dangwauro. 'Yan kasuwa sun yi kuka ƙwarai, kuma kuɗin haya ba abin rainawa ba ne, amma sito guda mai ƙofa da rajista shi ne kaɗai wurin da na'ura za ta yi amfani.

Kafin a kai can, abin da ke hannun mai kemis a Agege ko Sabon Badun, da mai yawo da tire, shi ne lambar rukuni da ke buge a jikin kwali kusa da ranar lalacewa. A Afrilu 2024 hukumar ta janye maganin tarin yara na Benylin da aka yi a Afirka ta Kudu, ba dukansa ba, rukuni mai lamba 329304 kawai, saboda wannan gubar dai. Ƙasashen Kenya da Ruwanda da Tanzaniya suka bi sahu. Wanda ya karɓi rasit ranar sari, aka kuma rubuta masa lambar rukunin a kai, shi ne ya san abin da zai sauke daga kanta da kuma dilan da zai mayar wa.