Ɗan Wasa a Matsayin Fuskar Ƙungiya: Nazarin Yadda Ƙungiyoyin Ƙwallon Ƙafa Ke Zaɓar Mai Tallata Su

1.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan karin magana da ire-irenta, kalmar “fuska” tana nufin abin da ido ke fara cin karo da shi, wanda daga gare shi ake yanke hukunci kan abin da ke ɓoye. Da wannan ma'ana aka yi amfani da kalmar a wannan maƙala, wato ɗan wasan da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ke sanyawa gaba a allunan talla da jikin riguna da tafiye-tafiyen neman kasuwa, har sunansa ya zama kamar sunan ƙungiyar. Manufar maƙalar ita ce ta bayyana ma'aunan da ake bi wajen wannan zaɓi, ta kuma nuna cewa abin da ƙungiya ke saye shi ne jama'ar da sunan ɗan wasa da harshensa za su iya kirawo mata. Saboda haka batun ya shafi manazarta harshe kai tsaye.

2.0 Yadda Sunan Ɗan Wasa Ya Zama Haja

A farkon al'amari rigar ƙwallo ba ta ɗauke da komai sai launin ƙungiya da lamba. Lambar ma ta gurbi ce, duk wanda ya tsaya a gurbin shi ke sanya ta. A shekarar 1973 ƙungiyar Eintracht Braunschweig ta Jamus ta ɗora tambarin kamfanin Jägermeister a ƙirjin rigarta, a 1979 kuma Liverpool ta ƙulla irin wannan yarjejeniya da kamfanin Hitachi. Daga nan ƙirjin riga ya zama allon talla. Bayan riga kuwa sai a kakar wasa ta 1993/94 gasar Firimiya ta Ingila ta tsayar da cewa kowane ɗan wasa zai riƙe lamba ɗaya har ƙarshen kaka, a kuma rubuta sunansa a samanta. Tun daga lokacin mai sayen riga ya fara sayen suna tare da ita.

Abu na biyu da ya ƙarfafa wannan sauyi shi ne hukuncin da kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar Jean-Marc Bosman a watan Disamba na 1995. Hukuncin ya ba ɗan wasan da yarjejeniyarsa ta ƙare damar komawa wata ƙungiya ba tare da an biya kuɗin sayensa ba. Wannan ya ɗaga darajar 'yan wasa a wurin ciniki, har aka shiga sanya haƙƙin amfani da suna da hoto a cikin yarjejeniya a matsayin sharaɗi mai zaman kansa. Na uku shi ne talabijin na tauraron ɗan'adam, wanda ya kai wasannin Turai gidajen mutanen da ba su taɓa taka filayen ba.

3.0 Ma'aunan Zaɓi

3.1 Ƙwarewa da Gurbin Wasa

Ma'auni na farko shi ne abin da ɗan wasa ke yi a fili. Sai dai ba a auna kowace ƙwarewa da mudu ɗaya. Mai cin ƙwallo da mai yanka su ne ake maimaita hotunansu, su ne kuma yara ke kwaikwayo a unguwa. Mai tsaron baya da mai tare ƙwallo a tsakiya, komai amfaninsu, da wuya su hau allon talla. Real Madrid ta ba da misali mafi fitowa fili a zamanin shugabancin Florentino Pérez na farko. Ta sayi Luís Figo a 2000, Zinedine Zidane a 2001, Ronaldo ɗan Brazil a 2002, sannan David Beckham a 2003. A wannan shekara ta 2003 ɗin ce ta sayar wa Chelsea da Claude Makélélé, wanda shi ke ɗauke da wahalar tsakiyar fili.

3.2 Ƙasa da Harshe

Ma'auni na biyu shi ne inda ɗan wasa ya fito da kuma jama'ar da ke jin harshensa. Lokacin da Hidetoshi Nakata ya koma Perugia ta Italiya a 1998, ya kuma ci Juventus ƙwallo biyu a wasansa na farko, 'yan jarida da 'yan kallo daga Japan sun riƙa tururuwa zuwa wannan ƙaramin birni. Sauran ƙungiyoyi sun ga abin da ya faru. A 2002 Li Tie na ƙasar Sin ya je Everton a daidai lokacin da kamfanin wayoyin ƙasarsa, Kejian, ya ɗauki tallan rigar ƙungiyar. A 2019 Wu Lei ya koma Espanyol, wadda a lokacin ke hannun wani attajiri ɗan ƙasar Sin. Haka nan zuwan Mohamed Salah Liverpool a 2017, da ƙwallo 32 da ya ci a gasar Firimiya a kakarsa ta farko, sun jawo wa ƙungiyar ɗimbin magoya baya a Masar da sauran ƙasashen Larabawa.

A nan harshe ke shigowa. Manyan ƙungiyoyi suna buɗe shafukan intanet a harsuna daban-daban, kamar Larabci da Sifaniyanci da Japananci da Sinanci. Shafi kuwa yana bukatar bakin da zai yi magana a cikinsa. Gaisuwar salla daga ɗan wasa Balarabe a cikin Larabcin garinsu tana shiga zuciya fiye da sanarwar da tafinta ya fassara, domin mai sauraro yana jin ɗan'uwansa ne ke yi masa magana.

3.3 Suna, Laƙabi da Lamba

Ma'auni na uku ya shafi siffar sunan kanta. Sunan da ke da gaɓoɓi kaɗan, mai sauƙin furuci a harsuna da yawa, ya fi saurin yaɗuwa. 'Yan wasan Brazil sun daɗe da cin wannan moriya ta hanyar laƙabi irin su Pelé da Kaká. Javier Hernández na Meziko ya sa an rubuta laƙabinsa, Chicharito, a bayan rigarsa ta Manchester United. Cristiano Ronaldo kuwa ya haɗa haruffan farko na sunansa da lambar rigarsa suka ba da CR7, wanda ya zama tambarin kasuwanci. Lamba 7 a Manchester United tana da nata tarihi, domin George Best da Eric Cantona da Beckham duk sun sanya ta, kuma miƙa ta ga sabon ɗan wasa sanarwa ce a kan matsayin da ake so ya taka.

Wannan ba baƙon abu ne ga Bahaushe ba. A fagen dambe, laƙabin ɗan dambe da kirarinsa su ke tara jama'a tun kafin a ɗaura zare, kamar yadda waƙoƙin Ɗan Anace suka yayata sunan Shago. Bambancin shi ne, a can makaɗi ke tallata gwarzo, a nan kuwa gwarzon ne ke tallata ƙungiya da kayan kamfanoni.

3.4 Hali da Aƙida

Ma'auni na huɗu shi ne hali. Kamfanonin da ke zuba kuɗi suna son mai sakin fuska, mai iya magana da 'yan jarida, wanda ba a jin sunansa a rigima. To amma ɗan wasa mutum ne mai ra'ayi da addini, kuma wani lokaci aƙidarsa kan ci karo da hajar da ake so ya tallata. A 2006 Frédéric Kanouté ya nuna ƙin sanya rigar Sevilla mai ɗauke da tambarin kamfanin caca. A 2013 Papiss Cissé ya yi irin wannan jayayya da Newcastle a kan kamfanin ba da bashi da ruwa, kafin a sasanta. A watan Disamba na 2019 Mesut Özil ya yi rubutu a kan halin da Musulmin Uighur ke ciki a ƙasar Sin. Arsenal ta nesanta kanta daga maganar, gidan talabijin na gwamnatin Sin kuma ya fasa nuna wasanta da Manchester City. Waɗannan misalai sun nuna cewa ƙungiya tana son muryar ɗan wasa ne muddin abin da za ta faɗa bai taɓa kasuwa ba.

4.0 Riba da Haɗari

Akwai maganar da ta yaɗu cewa cinikin riguna kaɗai kan mayar da kuɗin da aka sayi babban ɗan wasa. Wannan ba daidai ba ne, domin mafi yawan kuɗin riga na kamfanin da ya ɗinka ta ne da dillalai, ƙungiya kaso kaɗan take samu. Ribar gaskiya tana zuwa ne daga sababbin masu ɗaukar nauyi, da wasannin sada zumunta a ƙasashen waje, da rabon da ƙungiya ke samu daga tallan ɗan wasan. Jim kaɗan bayan sayen Beckham, Real Madrid ta yi rangadin ƙasashen Asiya, kuma a kakar 2004/05 ta zarce Manchester United a yawan kuɗin shiga. Amma a fili ta ƙare a matsayi na huɗu a 2003/04, ba ta kuma sake cin gasar Sifen ba sai 2007. Aljihu ya cika, ma'ajiyar kofuna ta yi shekara uku ba sabon baƙo.

Haɗari na biyu yana kan ɗan wasan kansa. Junichi Inamoto ya je Arsenal aro a 2001, ya bar ta bai buga ko wasa ɗaya na gasar Firimiya ba, aka yi ta cewa don sayar da riga aka kawo shi. An yi wa Park Ji-sung na Koriya ta Kudu irin wannan zato sa'ad da ya je Manchester United a 2005, amma ya buga wasa fiye da 200, ya ci gasar Firimiya sau huɗu. Son Heung-min ya yi shekara goma a Tottenham, daga 2015 zuwa 2025, har ya zama kyaftin. Darasin a nan shi ne, fuskar da wasa bai tallafa mata ba ba ta daɗewa, domin magoya baya suna gane wanda aka kawo don talla. Ko a Amurka, inda aka sauya dokar albashi a 2007 domin LA Galaxy ta iya ɗaukar Beckham, abin da ya tabbatar da zuwan Lionel Messi Inter Miami a 2023 shi ne kofin farko da ya ciyo wa ƙungiyar cikin makonni kaɗan.

5.0 Abin da Ya Shafi Nijeriya

Nijeriya ta shiga wannan lamari ta fuska biyu. Ta farko, yawancin masu goyon bayan Arsenal da Chelsea a ƙasar nan suna danganta son da suke yi da zaman Nwankwo Kanu a Arsenal daga 1999 zuwa 2004, da na John Mikel Obi a Chelsea daga 2006 zuwa 2017. 'Yan wasan sun tafi, soyayyar ta zauna, har ana gadonta a gidajen kallon ƙwallo.

Ta biyu ita ce ta ƙungiyoyin gida. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/10 yana Kano Pillars, sannan ya tafi Turai, ya kuma ci ƙwallo bibbiyu a gasar cin kofin duniya ta 2014 da ta 2018. Ya dawo ƙungiyar na ɗan lokaci a 2021, ya sake dawowa a 2024, a 2025 kuma aka naɗa shi babban manajanta. A wurinsa ma'aunan nan huɗu sun haɗu: ƙwarewa da aka shaida, suna mai sauƙi, kyauta da aka san shi da ita, da kuma Hausa a bakinsa. Idan ya yi magana da magoya bayan Sai Masu Gida ba ya bukatar tafinta. Wannan ita ce ni'imar da ƙungiyoyin Turai ke kashe miliyoyi don su samu a kasuwannin nesa, ga ta a hannun ƙungiyoyin gida ba da tsada ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa zaɓen fuskar ƙungiya yana bin ƙwarewa da ƙasa da harshe da siffar suna da hali, kuma duk ma'aunin da aka ɗauka shi kaɗai yana da nasa haɗari. Abin lura ga masana harshe shi ne, kasuwar ƙwallo tana zaɓar harshe ne gwargwadon abin da masu jin sa za su iya saye. Harshen da masu shi suka tsaya ga kallo kawai, ba su gina ƙungiyoyinsu da 'yan wasansu ba, zai daɗe yana sauraron talla cikin bakin wasu. Akwai bukatar a tattara laƙabobin 'yan wasan gida, da kirarin da 'yan kallo ke yi musu, da kalmomin da masu sharhin wasanni na rediyo suka ƙirƙiro a Hausa da Yarbanci da Ibo, a yi musu nazarin ƙirar kalma da ma'ana tun masu furta su suna nan.