Daga Atlanta zuwa Rio: Yadda 'yan Arewa suka shiga tarihin lambobin Olamfik

A ranar 3 ga Agustan 1996 Najeriya ta lallasa Ajantina da ci 3-2 a wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ci wannan zinare. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne rawar da 'yan Kaduna suka taka. Celestine Babayaro da Daniel Amokachi ne suka ci ƙwallaye biyun farko, kafin Emmanuel Amunike ya ƙarasa aikin. Tijjani Babangida da Garba Lawal ma suna cikin tawagar.

A Beijing a 2008, Sani Kaita na cikin waɗanda suka dawo da azurfa bayan Ajantina ta rama da ci 1-0.

Ta Rio a 2016 ta fi ban mamaki. Tawagar Samson Siasia ta maƙale a Atlanta saboda matsalar jirgi, ba ta sauka Manaus ba sai 'yan sa'o'i kafin karawa da Japan, amma ta ci 5-4. A wasan neman tagulla da Honduras, Umar Sadiq ya zura biyu, Aminu Umar ya ƙara ɗaya, aka tashi 3-2. Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato na cikinsu. Wannan tagulla ce kaɗai lambar da Najeriya ta samo a gasar baki ɗaya.

Sai dai duk waɗannan lambobi ta ƙofar ƙwallo suka shigo. Yaron Kankiya ko Kusada da ya gwanance a dambe ko kokawar gargajiya ba shi da gurbi a Olamfik, sai in an samu mai juya shi zuwa damben zamani ko tekwando tun yana ƙarami, kuma irin waɗannan masu horarwa sun yi ƙaranci a karkara.

A maƙwabciya Nijar kuwa, lambobinta biyu duk daga wasannin faɗa suka fito: tagullar Issaka Daboré a dambe a Munich a 1972, da azurfar Abdoul Razak Alfaga a tekwando a 2016.

A Paris a 2024 Najeriya ta dawo hannu rabbana. Sulobeniya, wadda mutanenta ba su kai rabin na jihar Katsina ba, ta tafi gida da zinare biyu da azurfa ɗaya.