Kallon fim na iya koya wa ɗalibi rubutun kafa hujja

A Rumbu, cikin gundumar Dakoro ta jihar Maradi, kamar sauran garuruwa, da magariba ta wuce sai ka tarar da samari sun yi cincirindo kan salula guda suna kallon Labarina ko Izzar So. Iyaye da dama na ganin wannan ne ke cinye lokacin karatu, musamman ga ƴan ajin ƙarshe na kwaleji masu jiran jarrabawar BEPC. Sai dai fim ɗin da ake zargi yana ɗauke da darasin da ake nema a rubutun insha'i, wato yadda ake shawo kan mutum ya yarda da magana.

Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Aristot ya ce hanyoyin gamsar da mai sauraro uku ne: mutuncin mai maganar, taɓa zuciya, da hujjar da hankali zai ɗauka. Mai shirya fim da su yake aiki. Idan ya sa dattijo mai furfura ya yanke hukunci a zaure, mutunci ya jingina da shi. Idan kiɗa ya yi sanyi, kyamara ta matso kan hawayen marainiya, zuciya yake nema. Idan kuma ya nuna abin da ha'inci ya jawo wa ɗan kasuwa daga farko har ƙarshe, hujja ce yake ginawa.

Fim ɗin Sarraounia misali ne na gida. Med Hondo ya fitar da shi a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Labarin sarauniyar Lugu ne da ta yi tsayin daka gaban rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Ƙarshen waɗannan hafsoshi biyu a yankin Maijirgi ya zo, nan cikin jihar Maradi, inda sojojinsu suka juya musu bindiga. Fim ɗin ya fara da tarbiyyar sarauniyar tun tana ƙarama, don mai kallo ya san darajarta kafin yaƙi. Sannan ya jera garuruwan da aka ƙone, har mutum ya yanke wa rundunar hukunci da kansa ba tare da an faɗa masa ba.

Aikin ɗalibi shi ne ya zaɓi fitowa guda, ya kalle ta sau biyu ko uku, ya amsa tambayoyi huɗu a takarda. Wa ke magana? Wa ake so ya ji? Me ake so ya yarda da shi? Da wace dabara? Amsar ta uku ita ce jigon rubutunsa, ta huɗu kuma ita ke ba shi sakin layin da zai kare jigon.

Kuskuren da aka fi yi shi ne maimaita labari daga farko zuwa ƙarshe. Mai gyaran takarda ba labari yake nema ba, dalili yake nema. Wanda ya rubuta cewa jaruma ta yi kuka, rahoto ya bayar. Wanda ya bayyana abin da ya sa aka ajiye kukan daidai bayan an raba gado, shi ne ya yi nazari.

Amfanin bai tsaya ga jarrabawa ba. Yaron da ya iya gane inda fim ke jan zuciyarsa babu hujja, zai gane hakan a tallar magani da saƙonnin WhatsApp masu yawo a gari.